Gini Ba Ya Karɓar Haihuwa: Ina Albashin Ma'aikatan Lafiyar da Gude Ke Buƙata?

A ƙasar nan, idan ɗan siyasa ya ce ya zuba jari a harkar lafiya, kusan kullum gini yake nufi. An yi wa asibiti fenti, an sa sabon kwano, an zagaye shi da katanga, an kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin. Ba na raina wannan, domin ɗakin da rufinsa ke yoyo bai cancanci a kwantar da mai jego a cikinsa ba. Amma mutanen Gude da Garo da Durun da Godiya da sauran mazaɓun ƙaramar hukumar Kabo, har zuwa ƙauyukan Gwarzo da suke maƙwabtaka da su, sun san abin da ba a rubutawa a jikin allon. Gini ba ya karɓar haihuwa, ba ya sa wa yaro ƙarin ruwa, ba ya gane alamun jijjiga kafin ta kayar da mai ciki. Mutum ne ke yin waɗannan, shi kuwa mutumin sai an koyar da shi, an ɗauke shi aiki, an biya shi duk ƙarshen wata, an kuma ba shi inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da nake gani shi ne kuɗin lafiyar da gwamnatocinmu ke kashewa ya fi karkata ga abin da ake yanka wa ƙyalle, an bar albashin ma'aikacin karkara a hannun shirye-shiryen wucin gadi da tausayin ƙasashen waje.

Mu leƙa irin ƙaramin asibitin da duk mutumin yammacin Kano ya sani, a ranar awo. Tun da hantsi mata sun cika benci, waɗanda ba su samu wuri ba sun zauna a gindin darbejiya, kowace da katinta a naɗe cikin leda. A ciki mace ɗaya ce mai albashi. Ita ke ɗaura abin gwajin hawan jini, ita ke shafa ciki ta kara kunne ta saurari bugun zuciyar ɗan tayi, ita ke ƙirga ƙwayoyin ƙarin jini, ita kuma ke cika manyan littattafan rajistar da ke jibge a kan tebur, kowane shiri da nasa littafin. A gefenta akwai 'yan mata biyu ko uku cikin fararen kaya, sun gama makarantar koyon aikin lafiya, da takardunsu da lasisinsu, amma 'yan sa-kai ne. Ba sa cikin jerin masu albashi, suna zuwa ne don kada hannu ya manta, da fatan ranar da za a buɗe ɗaukar aiki a tuna da su. Incaji ya tafi sakatariya kai rahoton wata ko ɗauko allurar rigakafi. Kafin la'asar ta yi sanyi ma'aikaciyar ta hau babur ta nufi inda iyalinta suke, saboda babu gidan ma'aikata, ko kuma akwai shi amma babu ruwa babu wuta babu ƙofar kirki. Daga nan sai kwaɗo a ƙofa, sai maigadi.

Naƙuda kuwa ba ta duba agogo. Matar da ciwo ya kama da tsakar dare tana da ungozomar unguwa, wadda ta iya abin da ta iya amma ba ta da allurar tsayar da jini. Idan abu ya ci tura, sai a buga wa mai kyamis ƙofa, ko a nemi mai mota a kama hanyar babban asibitin Gwarzo. In can ma aka ce sai Kano, to sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, da kuɗin mai a farashin da ya koma tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Yawancin abin da ake buƙata don tsayar da shi ba ya wuce allura mai araha da hannun da ya san aiki, a kusa, a kan lokaci.

Alƙaluma ba su saɓa wa wannan hoto ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Kano kusan haihuwa ɗaya ce cikin biyar ake yi a asibiti. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa Najeriya ita kaɗai sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa. An saba ɗora laifin a kan al'ada da kunya da mazajen da ke hana matansu fita, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a riƙa yi wa talaka adalci. Magidancin da ya taɓa kai matarsa asibiti da dare ya tarar da kwaɗo, ba jahilci ne zai hana shi komawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na buƙatar aƙalla likitoci da nas-nas da ungozomomi 44.5 ga kowane mutum 10,000 kafin ta iya kula da jama'arta yadda ya kamata. Najeriya ba ta kai rabin wannan ba, kuma ɗan abin da take da shi ya taru ne a Legas da Abuja da manyan birane. A cikin jihar ma haka rabon yake: ƙwaryar birnin Kano ta kwashe kaso mafi tsoka, ƙananan hukumomin karkara suna raba ragowar.

To ina kuɗin? A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, ta shafe shekaru sama da ashirin tana yawo a tsakanin kashi 4 zuwa 6 a mafi yawan shekaru. Shi ya sa sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan magani a Najeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa, wato daga sayar da akuya ko buhun masara ko jinginar da gona. Kano kam tana cikin jihohin da a 'yan shekarun nan suka kai wannan mizani na kashi 15 a takarda, kuma ta kafa hukumomin da suka dace: hukumar kula da lafiya a matakin farko, da hukumar taimakekeniyar lafiya da aka yi wa doka a 2016, da asusun amana na lafiya da ya biyo baya a 2017. Jihar ma ta yi shelar haihuwa kyauta tun 2001. Wannan abin yabo ne, kuma ba na cikin masu ganin komai baƙi. Amma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, sannan abin da aka saki ɗin ma sai an tambaya: nawa ne ya tafi ga kwangila, nawa ne ya zama sabuwar ungozoma a mazaɓar da ba ta da ko ɗaya?

Ita kanta dokar ƙasa ta nuna inda zuciyarmu ta karkata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara saka masa kuɗi. Dokar ta raba asusun dalla-dalla: rabi ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da rigakafi, kashi 15 ga gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 5 ga agajin gaggawa, kashi 10 kacal ga bunƙasa ma'aikata. Asusun ya yi amfani, ba a musun haka. Asibitin mazaɓar da ke cikin tsarin yana samun 'yan kuɗi kai tsaye a asusunsa duk bayan wata uku, ya gyara famfo, ya sayi safar hannu, wani lokaci ya ɗauki ungozomar kwantiragi. Amma an gina shi ne bisa zaton cewa akwai wanda ke biyan albashin dindindin. Wannan wanin kuwa, a tsarinmu, shi ne mafi rauni a cikin matakan gwamnati uku.

Asalin lamarin tsoho ne. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya ɗauki aƙidar taron Alma-Ata na 1978 ya dasa ta a Najeriya, ya ce lafiya daga ƙauye take farawa. Manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 ta damƙa ƙananan asibitoci a hannun ƙananan hukumomi, don su ne kusa da jama'a. Niyyar ta yi kyau. Amma ƙaramar hukuma irin Kabo ba ta da harajin a-zo-a-gani, kasonta na tarayya kuma ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: shekaru su wuce ba a ɗauki sabon ma'aikaci ba, waɗanda aka horar a zamanin Ransome-Kuti suna cika shekara 35 na aiki suna ritaya ɗaya bayan ɗaya, gurabensu kuma ba a cikewa sai da 'yan sa-kai.

A nan ne nake so mu ɗan tsaya a kan shirin tura ungozomomi karkara, domin duk ciwon yana cikinsa. Bayan yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 da ƙasashen Ƙungiyar Paris suka yi a 2005, an ware wani ɓangare na rarar don ayyukan raya al'umma. Daga ciki ne a ƙarshen 2009 hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta tura ungozomomi fiye da 2,000 zuwa ƙananan asibitoci sama da 600, da sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu. An tsara a ba kowane asibiti ungozoma huɗu don a raba dare da rana, a kuma jingina kowane ƙananan asibitoci huɗu da babban asibiti ɗaya da za a riƙa tura wa masu matsala. Tsari ne mai hankali, wanda ya san karkara ne ya zana shi. Kuɗin kuwa aka raba shi uku: Tarayya ta biya naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 da masauki. Tarayya ta fi kowa ƙoƙarin cika nata, amma jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka yi ta jan ƙafa, wasu ba su biya ba sam, masaukin ma ya zama ɗaki ɗaya a cikin asibiti ko babu. Yarinyar da aka ɗauko daga wata jiha mai nisa, ba ta jin Hausa sosai, ba ta da dangi a garin, albashinta rabi, me zai zaunar da ita? Da yawa suka tattara suka tafi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ɗan ci gaban da aka samu a farko bai ɗore ba, kuma dalilan da aka fi ambata su ne rashin biyan kuɗi a kan kari da rashin muhalli. A 2012 aka sake kwatanta irinsa da rarar kuɗin tallafin mai a zamanin Jonathan, shi ma ya mutu da sauyin gwamnati a 2015. A 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da wani a Lafiya ta Jihar Nasarawa, na matan unguwa masu bi gida-gida, su ma a kan ɗan alawus.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shiri ne, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa da shugaban da ya kawo shi. Abin da Gude ke buƙata gurbin aiki ne: layi a cikin kasafin kuɗi da ke cewa wannan asibiti yana da ungozoma kaza, da albashinsu da ƙarin girmansu da fanshonsu, ko wa ke mulki. Shiri yana zuwa da riga da hula da taron bita a otal. Gurbin aiki ba shi da wannan armashi, amma shi ne ke sa mace ta yanke shawarar gina rayuwarta a wuri.

Dogaro da baƙi ya ƙara lulluɓe matsalar. Yaƙin da aka yi da shan inna ya nuna cewa ana iya kaiwa kowane gida a Jihar Kano idan akwai kuɗi da tsari. Dubban mata ne suka yi ta bin lunguna da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, suna ɗiga wa yara magani suna shafa musu alama a ɗan yatsa, har wasu tara suka rasa rayukansu a harin da aka kai musu a birnin Kano a watan Fabrairun 2013. Da guminsu aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Amma akasarinsu alawus na kwanaki ake biyan su, da kuɗin da mafi yawansa daga waje yake zuwa, kuma da zagaye ya ƙare sai kowa ta koma gida. Rigakafin yau da kullum, wanda ke buƙatar ma'aikacin da ke zaune a asibiti kowane mako da firjin da ke aiki, bai samu wannan gata ba. Mun ga sakamakon tun daga ƙarshen 2022, lokacin da mashaƙo ya ɓarke, Kano ta ɗauki kaso mafi girma na waɗanda suka kamu a duk ƙasar. Cuta ce da allurar jarirai ke karewa, allurar da ake bayarwa kyauta. Sai kuma ga watan Janairun 2025, Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka da sa hannu ɗaya. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa ma'aikatan lafiya kimanin 28,000 ne a Najeriya ake biya da kuɗin Amurka, kuma gwamnati za ta nemi hanyar ɗaukar nauyinsu. Na yaba da wannan magana. Amma abin kunya ne a ce sai da baƙo ya janye hannu muka san yawan 'ya'yanmu da yake ciyarwa.

Ana yawan maganar likitocin da ke ficewa, kuma ta cancanci a yi. Minista Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma kuma ta ce nas-nas sama da 42,000 sun fita cikin shekara uku zuwa farkon 2024. Ingila da Saudiyya da Kanada da Amurka suna ɗiban waɗanda talakan Najeriya ya biya kuɗin karatunsu, duk da cewa Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina farautar ma'aikatansu. Mutumin Gude zai iya cewa wannan ba ta shafe shi ba, tunda dama ba a taɓa turo masa ƙwararren likita ba. Ta shafe shi. Idan ƙwararre ya bar asibitin koyarwa ya tafi Riyad, likitan asibitin jiha ne ke neman gurbinsa, saboda albashin Tarayya ya fi. Gurbin wancan kuma sai a cike shi da na babban asibitin karkara irin na Gwarzo ko Ƙaraye, nas ɗin da ke ƙaramin asibiti ita ma ta samu hanyar komawa gari. Abin kamar gajeren bargo ne a daren hunturu: duk lokacin da aka ja shi sama, ƙafa ce ke kwana a waje, ƙafar kuwa ita ce ƙauye.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar kula da ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024, ta kuma faɗaɗa guraben ɗalibai a makarantun likitanci da jinya da sauransu daga 28,000 zuwa 64,000. Madalla. Amma a Kano matsalarmu ta kusa ba ta tsaya ga ƙarancin masu takarda ba. Makarantun koyon aikin lafiya na Kano da Bebeji, da na ungozoma na Dambatta da Gezawa, da kwalejin Madobi, ga kuma masu zaman kansu da suka yi yawa, duk shekara suna yaye ɗalibai. Iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya. Ga asibiti babu ma'aikaci, ga ma'aikaci babu aiki, su biyun suna kallon juna a gari ɗaya. Ƙara yawan ɗalibai ba tare da ƙara guraben albashi ba, ƙara yawan 'yan sa-kai ne kawai, ko kuma horar wa Ingila ma'aikata da kuɗinmu. Kuma ina ganin ya kamata mu ji nauyin wannan kalma ta sa-kai a bakinmu. Yarinyar da ke karɓar haihuwa shekara da shekaru ba a biyan ta, tana taɓa jini da hannunta, tana roƙon mahaifinta kuɗin mota, zaluntarta ake yi, ko da da yardarta ne.

Ƙasashen da ba su kai mu arziki ba sun gwada wata hanya. Habasha ta fara shirinta na ma'aikatan lafiyar ƙauye a 2003. Aka riƙa zaɓo 'yan matan da suka gama aji goma daga yankin da za su yi aiki, a horar da su shekara ɗaya, a tura biyu kowane ƙauye, sannan, wannan shi ne ginshiƙin, a saka su cikin ma'aikatan gwamnati masu albashi. Cikin 'yan shekaru suka haura 30,000, a zamanin da Tedros Adhanom, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya na yanzu, yake ministan lafiya. Habasha ta rage mutuwar ƙananan yara da kashi biyu cikin uku tun kafin shekarar 2015. Maƙwabtanmu na Nijar ma, a zamanin Tandja Mamadou, sun gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara suka zuba musu ma'aikata, sannan a 2006 suka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Sai dai can ma akwai darasi mai ɗaci: gwamnati ta riƙa jinkirta biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar kyauta, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Duk wanda ya san asibitocin yankin Maraɗi ya ji wannan kuka. Shelar kyauta ba ta da wuya, biyan kuɗinta wata bayan wata shi ne aikin.

A nan gida ma an gwada abin da ya yi kama da na Habasha, kuma ya yi aiki. Shirin Mata Don Lafiya, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, ya gano cewa 'yan matan karkara ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, sakamakon kimiyya ne na sakandare ke hana su shiga makarantun jinya. Sai aka buɗe musu ajin share fage, gari ya zaɓo 'yarsa, da yardar iyaye ko miji da dagaci da liman, bisa alƙawarin za ta dawo ta yi wa garin aiki. Har wurin renon jarirai aka tanada a wasu makarantun don matan aure. Hikimar a bayyane take. 'Yar Gude da ta zama ungozoma ba ta buƙatar a nema mata masauki, ba ta neman canjin wurin aiki, ta san matar da ke ɓoye ciki da gidan da ba a yi wa yara rigakafi ba, kuma in aka buga mata ƙofa da dare, ƙanwar babanta ce ko matar yayanta ke naƙuda. Amma ko wannan shiri ƙarshensa ɗaya ne: in ta gama, wa zai ba ta takardar kama aiki?

Na san abin da masu riƙe da baitulmali za su ce, kuma ba shirme ba ne. Za su ce albashi ya riga ya cinye kaso mai yawa na kuɗin jiha, musamman bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 71,000 a Kano a 2024. Za su ce gini sau ɗaya ake biya, ma'aikaci kuwa nauyi ne na shekara 35 da fansho a bayansa. Za su ƙara da cewa akwai ma'aikatan bogi, akwai waɗanda sunansu ke ƙauye jikinsu na birni, akwai matan manya da 'ya'yan manya da ba a isa a tura su bayan gari ba. Duk gaskiya ne, kuma na ƙarshen ya fi ci mini rai, domin kowace takardar alfarma da ta dawo da ma'aikaciya birni, wani ƙauye ne aka rufe wa asibiti da dare. Amma maganin wannan tantancewa ce da sa ido da hukunci, ba dakatar da ɗaukar aiki ba. Batun tsada kuwa, a yi lissafin duka. Ginin da aka kashe wa miliyoyi aka bar shi ba ma'aikaci, cikin 'yan damuna yake komawa gidan jemagu, a sake ba da kwangilar gyaransa. Tiyatar gaggawa da ƙarin jini da jinyar yoyon fitsari sun fi albashin ungozomar da za ta hango doguwar naƙuda tun da wuri tsada nesa ba kusa ba, sai dai wannan tsadar a aljihun talaka take faɗawa, shi ya sa ba ta fitowa a littafin akanta. Kuma albashin da aka biya a Gude, a kasuwar Gude ake kashe shi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin jiha ba. Kano na da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. A ɗauki asibiti ɗaya a kowace mazaɓa a ce wannan ba ya rufewa, dare da rana, sannan a ƙirga hannun da hakan ke buƙata, a rubuta su a kasafi da sunan asibitin, ba da sunan hedikwata ba. Gurbin ya zama na wurin ne: wanda ya bar Gude ya bar albashin Gude a baya, a ɗauki wani. A fara da 'yan sa-kan da suka riga suka shekara suna aiki a wurin, bayan an tantance takardunsu, kafin a waiwayi jerin sunayen 'yan siyasa. Manufar raba ayyuka ta ƙasa ta 2014 ta riga ta halatta wa jami'an lafiyar al'umma da aka ƙara wa horo su karɓi haihuwa su ba da agajin farko, don haka ba sai an jira ungozoma ta wadata ba. A sa alawus na karkara mai kauri wanda zai sa zaman Kabo ya fi zaman birni riba, a biya shi tare da albashi, ba a bar shi ya zama ariyas ba. Duk kwangilar gina asibiti ko gyara shi kuma a haɗa ta da gidan ma'aikata mai rijiyar burtsatse da sola, in babu shi kada a karɓi aikin.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe wata ƙofa, kodayake aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. In kuɗin ya fara isa Kabo da Gwarzo, jarabawar farko ita ce ko shugabannin za su fara da motoci da kwalbatoci, ko da jerin ma'aikatan da asibitocinsu suka rasa. Akwai kuma haɗarin kada a koma gidan jiya, inda ƙaramar hukuma mai ƙarfi ke biya, mai rauni ta bar ma'aikatanta wata da watanni. Don haka ya fi dacewa albashin ya ci gaba da fita ta hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, ana cire gudummawar kowace ƙaramar hukuma a bayyane, kowa ya ga abin da aka cira da abin da aka samu.

Su ma mutanen gari akwai nasu. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gabanta, wanda shugabansa ke sa hannu a kan kuɗin asibiti tare da incaji. Kwamitin Gude yana da ikon ya nemi a manna sunayen ma'aikatan da aka turo a bangon asibiti, da ranakun aikinsu da masu kwana, ya kuma kai ƙara in suna ya daɗe ba a ga mai shi ba. Idan lokacin kare kasafi ya zo a Majalisar Dokokin Jiha a ƙarshen shekara, masu wakiltar Kabo da Gwarzo su tambayi kwamishinan lafiya abu uku a gaban jama'a: ma'aikata nawa suka yi ritaya ko suka bar aiki a ƙananan hukumomin nan biyu a bana, nawa aka ɗauka a madadinsu, kuma asibitoci nawa ne a cikinsu ke da wanda zai buɗe ƙofa da ƙarfe biyun dare.